Manhaja Ɗaya Ta Bi VPN, Sauran Su Bi Hanyarsu



Sa'ad da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, jama'a suka ruga ga VPN, wato ɓoyayyar hanyar da ke zagayawa da saƙo ta wata ƙasa. Da yawa suka tura dukkan manhajojin wayarsu ta cikinta. Intanet ta yi nauyi, wani bankin kuma ya ɗauka mai asusu yana Turai, ya hana shi shiga.

Manomin fadamar Miga kuwa, fangalin da ke bukatar ruwa kaɗai yake buɗe wa hanya. Haka tun 2014 Android ta yarda a zaɓi manhaja ɗaya ta bi VPN. Sai dai ku lura, sauran a fili suke tafiya, kamfanin layinku yana ganin inda suka nufa.