Mai Albashi da Babban Kamfani a Kasuwar Gidaje



Muna godiya ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta gayyace mu wannan zama. Batun da aka ɗora mana shi ne gida, watau inda kowannenmu zai sa haƙarƙarinsa bayan ya ƙare karatu ya kama aiki. Tambayar da za mu yi ƙoƙarin amsawa ita ce: idan gidaje suka yi ƙaranci a gari, aka sa gida ɗaya a kasuwa, mai albashi ya taya, babban kamfani mai dubban gidaje shi ma ya taya, wa zai samu, kuma me ya sa? Za mu fara da Amurka, domin a can ne al'amarin ya fi fitowa fili, sa'an nan mu komo gida Nijeriya.

A shekarar 2008 kasuwar gidaje ta Amurka ta rushe. Bankuna sun daɗe suna ba da bashin jinginar gida ba tare da sun duba ko mai karɓa zai iya biya ba. Da biya ya gagara, sai aka ƙwace gidajen miliyoyin iyalai aka sa su gwanjo, farashi ya faɗi warwas. To, a daidai lokacin da gida ya yi araha, a lokacin ne bankuna suka ƙulle hannu, ƙaramin ma'aikaci ya nemi rance ya rasa. Masu tsabar kuɗi a wannan zamani su ne manyan kamfanonin zuba jari. Daga 2012 kamfanin Blackstone ya shiga sayen gidajen zaman iyali ta hannun reshensa mai suna Invitation Homes, ya kashe kimanin dala biliyan 10, ya tara gidaje wajen 50,000 a garuruwa irin su Atlanta da Tampa da Las Vegas, ya gyara su ya ba da haya. A 2017 reshen ya haɗe da wani kamfani irinsa, gidajensu suka haura 80,000.

Dalilan da suka sa kamfani yake kayar da mai albashi a ciniki ba ɓoyayyu ba ne. Na farko, kamfani da kuɗi a hannu yake zuwa, ya biya cikin 'yan kwanaki, alhali mai albashi sai ya jira banki ya bincika takardunsa, ya ƙiyasta gidan, ya amince ko ya ƙi. Mai sayarwa kuwa ya fi son wanda zai sallame shi yau. Na biyu, kamfani yana samun rance mai sauƙin ruwa daga inda mutum ɗaya ba ya iya kaiwa. A 2013 Invitation Homes ya jinginar da kuɗin hayar da zai karɓa nan gaba, ya sayar wa masu jari takardun bashi a kansa, ya sami sabon kuɗin sayen wasu gidajen. Shi kuwa mai albashi yana hannun banki: ruwan bashin gida na shekara 30, wanda ya sauka ƙasa da kashi 3 cikin 100 a 2021, ya haura kashi 7 a 2023, watau gidan da albashinsa zai iya ɗauka a da ya fi ƙarfinsa cikin shekara biyu. Na uku, idan kamfani ya yi asara a gida ɗaya, sauran dubban su rufa masa asiri, amma magidanci idan ya yi kuskuren saye sau ɗaya, gumin shekarunsa ya tafi.

Sai dai wajibi ne mu yi adalci, domin ɗalibi ba ya yanke hukunci da ɓacin rai. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na Majalisar Amurka ya bayyana a rahotonsa na 2024 cewa a 2022 manyan kamfanoni suna riƙe da gidaje kimanin 450,000, wanda bai wuce kashi 3 cikin 100 na gidajen hayar iyali a ƙasar ba. Amma a Atlanta rabonsu ya kai wajen kashi 25. Ashe ɓarnar tana taruwa ne a wasu unguwanni, kuma a kan ƙananan gidaje, irin waɗanda sabon ma'aikaci ke farawa da su. Asalin ciwon kuwa shi ne bayan 2008 an rage gini ƙwarai, shekara da shekaru, jama'a kuma suna ta ƙaruwa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ƙaranci ne ya tabbatar wa kamfani cewa haya za ta riƙa hawa, shi ya sa ya zo.

Abin da mai albashi yake rasawa ya wuce ɗaki da rufi. Gida shi ne asusun ƙaramin ma'aikaci, shi yake jinginarwa idan ta ɓaci, shi yake bar wa 'ya'yansa gado. Ɗan haya kuwa, ya yi shekara talatin yana biya, ran da ya tashi ko tubali ɗaya ba nasa. Ga kuma bambancin ƙarfi tsakaninsa da mai gidan da bai taɓa gani ba. A 2024 Invitation Homes ya amince ya biya dala miliyan 48 domin kashe ƙarar da hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta shigar, bisa zargin aza wa 'yan haya kuɗaɗen da ba a bayyana musu ba tun farko.

To, jama'a, idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A nan Nijeriya bashin jinginar gida bai yaɗu kamar na Amurka ba, amma mun ga irin wannan gasa sa'ad da gwamnati ta tashi sayar da gidajenta, bayan tsarin 2003 na biyan ma'aikata kuɗi a maimakon ba su gida da mota. Hanya biyu aka bi. A Abuja, daga 2005, an ba ma'aikacin da ke zaune cikin gida damar fara saye, da yawa kuma ta nan suka mallaki gidansu na farko. A Legas, rukunin gidajen nan na 1004 an fitar da mazaunansa a ƙarshen 2005, rukunin gaba ɗaya ya koma hannun kamfani. Mai saye a dunƙule yana sauƙaƙa wa gwamnati aiki, amma duk sa'ad da aka sa gida dubu a ciniki ɗaya, an riga an fitar da mai albashi tun kafin a fara taya.

Saboda haka shawarwarinmu huɗu ne. Na ɗaya, a yi gini, kuma ƙananan gidaje, irin yadda Lateef Jakande ya yi a Legas tsakanin 1979 da 1983, domin hana kamfani saye ba zai ƙara ɗaki ko ɗaya ba. Na biyu, idan hukuma za ta sayar da gidajenta, ta sayar ɗaya ɗaya, mazauni ya fara, a kuma ba shi shekarun biya, don damar fara taya ba ta amfanar wanda ba shi da inda zai ranto. Na uku, a sauƙaƙa takardar mallaka. Dokar Filaye ta 1978 ta ce sai da yardar gwamna ake sayar ko jinginar da filin birni, kamfani yana da lauyoyin da za su bi masa fayil, malamin makaranta kuwa ƙafarsa ce kaɗai. Na huɗu ya rataya a wuyanmu. Dokar Asusun Gidaje ta 1992 ta aza wa ma'aikaci zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa, ya kamata kowa ya san abin da aka yanka masa da yadda ake neman rancen. Mu kuma kafa ƙungiyoyin gama kai a ma'aikatunmu, mu sayi fili tare, mu gina tare, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, da yawa daga cikin mu da ke zaune a wannan zaure, nan da 'yan shekaru mu ne za mu riƙa rubuta takardun da kwamishina da minista za su sa wa hannu. Ran da fayil ɗin sayar da gidajen gwamnati ya iso teburinmu, mu tuna da masinja da magatakardan da ke zaune a cikinsu, mu tambaya ko an ba su damar taya.