Ganuwar Ƙwayar Cuta da Amanar Shan Magani

A zamanmu na yau za mu yi magana a kan wata halitta da ido bai ganinta, wadda masana ke kira bakteriya, domin saninta na da alaƙa da lafiyar mai azumi.

Ƙanƙantarta ta kai a jera kamar guda 1000 kafin su cika tsawon milimita ɗaya. Wani mai sayar da yadi a ƙasar Holan, Leeuwenhoek, shi ya fara hango ta a shekarar 1676 da madubin da ya wasa da hannunsa. Duk da haka, tsarinta tsarin gari ne. Daga waje akwai bango mai ƙarfi, kamar ganuwar da ta kewaye Birnin Damagaram a da. Bayan bangon akwai tantani siriri, shi ne mai gadin ƙofa: ya shigar da abinci, ya fitar da ƙazanta. A ciki akwai ruwa mai kauri, inda zaren gado yake a naɗe, tare da ƙananan masaƙu masu ƙera sinadaran jikinta. Wasu suna da wutsiya da suke iyo da ita. Idan wuri ya yi mata daɗi, wata takan rabu biyu cikin minti 20, ta yadda guda ɗaya kan haura miliyan 2 cikin awa 7.

Kada mu ɗauka dukansu maƙiya ne. Su ke sa madara ta zama nonon da muke dama fura da shi, su ke nuna daddawa, su ke zaune a saiwar wake da gyaɗa suna ƙara wa gona ƙarfi. Amma a cikinsu akwai masu kawo kwalara, da sanƙarau, da tarin fuka.

To, ina hikimar magani? A 1928 Alexander Fleming ya gano penisilin a Landan. Aikinsa shi ne hana ƙwayar gina bangonta, sai ruwa ya cika ta ta fashe. Mu kuwa ƙwayoyin jikinmu ba su da irin wannan bango, shi ya sa maganin bai rusa su. Abin da ke kawo mura ma wata halitta ce daban marar bango, saboda haka sayen kafso a tiren mai talla don mura asarar kuɗi ce. Ƙwayar tarin fuka kuma bangonta na da maiƙo kamar kakin zuma, ga jinkirin girma, don haka maganinta ke ɗaukar wata 6.

Ga inda muke son ku buɗe kunne. Wanda ya fara magani, ya ji sauƙi, ya ajiye saboda azumi, ya kashe raunana ne ya bar masu taurin kai. Su za su hayayyafa, har su miƙa wa ƴan'uwansu dabarar jure magani ta ɗan guntun zaren gado. Ranar da ciwon ya dawo, mai yiwuwa maganin jiya ba zai ci ba, kuma iyalin da ke kwana ɗaki ɗaya da shi su ne farkon kamuwa.

Saboda haka, mai shan magani ya koma gidan likita ya tambaya ko za a iya mai da shi tsakanin buɗa-baki da sahur. In an ce ba hali, to marar lafiya na da rangwame: ya sha, ya rama bayan ya warke. Jiki amana ne, lafiyar maƙwabci ma amana ce.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya karɓi ibadarmu. Sai gobe war haka, in Allah Ya kai mu.