Masu Sayen Kanti Da Bashi: Jan Hankali Ga 'Yan Kasuwarmu Da Yaran Shago

 

Mu Hausawan Potiskum kasuwanci ne ya kawo iyayenmu garin nan, shi ne kuma ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Bolawa da Ngizim da Karekare. Daga kasuwar shanu zuwa ta hatsi, daga tireloli zuwa kantunan bakin titi, babu inda ba a samun ɗanmu. Saboda haka ya kamata mu san wani salon ciniki da ya daɗe yana cinye manyan kantuna a duniya, wanda kuma ya riga ya shigo Nijeriya.

Akwai wasu kamfanoni da ba sa sayar da kaya, sana'arsu ita ce sayen kamfani sukutum, su riƙe shi shekara 3 zuwa 7, sannan su sayar. Kuɗin da suke juyawa na asusun fansho ne da kamfanonin inshora da manyan attajirai. A bisa al'ada sukan ɗauki kashi 2 cikin 100 na kuɗin duk shekara ladan kulawa, da kashi 20 cikin 100 na ribar da aka samu.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mu ɗauka kanti ya kai naira miliyan 100. Mai saye zai sa miliyan 20 daga aljihunsa, ya ranto miliyan 80 a banki, amma sai a rubuta bashin da sunan kantin, ba da sunansa ba. Kamar mutum ne ya sayi tirela da bashi, sannan ya ce da direba da yaran mota su ne za su biya. Daga ranar, duk abin da kanti ya samu sai an fara cire kuɗin ruwa kafin a yi maganar sabon sari ko gyaran rufi ko ƙarin albashi. Wani lokaci ma sai a sayar da ginin kantin, a raba kuɗin, kanti ya koma ɗan haya a gidansa.

Ga misalai. A Amurka akwai kamfanin kayan wasan yara mai suna Toys "R" Us. A 2005 kamfanonin KKR da Bain Capital da Vornado suka saye shi a kan dala biliyan 6.6, aka ɗora masa bashin kusan dala biliyan 5. Kuɗin ruwa kaɗai yana cin kimanin dala miliyan 400 a shekara, a daidai lokacin da Amazon da Walmart ke karya farashi suna janye masa masu ciniki. A 2017 ya durƙushe, a 2018 ya rufe kantunansa na Amurka, ma'aikata sama da 30,000 suka tashi babu kuɗin sallama. Sai da suka yi ta zanga-zanga kafin KKR da Bain suka ware dala miliyan 20 aka raba masu.

A Ingila ma haka aka yi wa Debenhams. An saye shi a 2003, aka sayar da gine-ginen kantunansa da dama, aka mayar da shi kasuwar hannun jari a 2006 da bashi niƙi-niƙi. Masu sayen sun kwashi ribarsu sun tafi, shi kuwa ya yi ta ɗingishi har ya rufe kantunansa baki ɗaya a 2021. A nan Afirka, Bain Capital ya sayi Edcon, mai kantunan tufafi na Edgars da Jet a Afirka ta Kudu, a kan rand biliyan 25 a 2007. Zuwa 2016 masu bin bashi sun karɓe shi, a 2020 kuma aka yayyanka shi aka sayar.

Amma gaskiya ɗaya ce, ba kullum abin ke ƙarewa da kuka ba. KKR ɗin nan ya sayi Dollar General a 2007, ya gyara shi, ya mayar da shi kasuwar hannun jari a 2009, kantin kuma ya ci gaba da buɗe rassa. Abin lura shi ne, ko an ci ko an faɗi, mai saye ya riga ya ɗebi ladansa, asarar kuwa ta fi sauka a kan ma'aikaci da wanda ya ba kanti kaya bashi.

Kada wani ya ce wannan labarin Turai ne. A 2018 kamfanin Alta Semper na Landan ya ƙulla yarjejeniyar zuba dala miliyan 18 a HealthPlus, masu jerin kantunan magani a ƙasar nan. A watan Satumba na 2020 masu jarin suka sanar da cire matar da ta kafa kamfanin, Bukky George, daga kujerar shugabanci, magana ta kai kotu. Haka nan a 2021 Shoprite na Afirka ta Kudu ya sayar da harkarsa ta Nijeriya ga kamfanin Ketron na wasu masu jari 'yan ƙasa. Ko da yake wannan ba irin wancan cinikin bashi ba ne sak, ma'aikata sun shiga yajin aiki a watan Afrilu na shekarar, suna neman a fayyace haƙƙinsu kafin a miƙa su ga sabon ubangida. Reshen Kano da aka buɗe a Ado Bayero Mall a 2014 ya rufe a watan Janairu na 2024.

To jama'a, ina ruwanmu? Ruwanmu uku ne. 'Ya'yanmu da suka yi boko suna aiki a irin waɗannan kantuna a Kano da Abuja da Legas. Wake da gero da naman da ke tashi daga nan, wani a can yake ƙarewa, sau da yawa kuma bashi ake bayarwa. Na uku, masu jari na neman kantunan magani da gidajen mai da rumbunan sari masu rassa, wata rana kuwa za su ƙwanƙwasa ƙofar waninmu.

Mu ba baƙin haɗa jari ba ne. A Islamiyya mun karanta ƙirali, inda wani ke kawo dukiya wani ya kawo ƙarfinsa, a raba riba yadda aka yi sharaɗi, in kuwa asara ta zo ba da sakaci ba, mai dukiya ya rasa dukiyarsa, mai juyawa ya rasa wahalarsa. Wannan shi ne kashi-mu-raba da muka gada. Bambancinsa da wancan a fili yake: a namu mai kuɗi yana cikin jirgi tare da mu, a nasu kuwa kuɗin ruwa ba ya jiran ciniki. Haka kuma mun gaji sallamar yaro, wanda in ya yi wa ubangida hidima shekaru, sai a yanka masa jari ya tsaya da ƙafarsa. Takardar cinikin kamfani ba ta san wannan alkawari ba sai an rubuta shi.

Saboda haka muna ba da shawara. Duk wanda aka zo wa da tayin sayen kantinsa ko shiga cikinsa, ya tambaya: kuɗin nan naku ne ko rance ne, kuma da sunan wa aka rubuta bashin? Wa ke da ikon cire shugaba? Za a iya sayar da gini ko jinginar da shi ba da yardarmu ba? Bayan shekara nawa za ku fita, wa za ku sayar wa? Kada a sa hannu sai lauyanmu ya karanta, ba nasu ba. A kuma sa haƙƙin yaran shago a cikin takarda kafin a karɓi ko kwabo.

Ku kuma matasa, ku nemi takardar ɗaukar aiki, ku shiga ƙungiyar ƙwadago. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai kamfani ya sanar da ƙungiya ko wakilin ma'aikata in zai rage mutane, ya kuma yi ƙoƙarin daidaitawa kan kuɗin sallama. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai aiki ya sa kashi 8 cikin 100, ubangida ya sa kashi 10, don haka ku riƙa duba ko kuɗin na shiga asusunku. Masu kai kaya kuwa, in kun ji kanti ya sake hannu, ku rage bashi, ku gajarta wa'adi, domin in kamfani ya karye bankin da ke riƙe da jingina ake fara biya, mai wake yana can ƙarshen layi.

A ƙarshe muna roƙon shugabannin ƙungiya su kafa ɗan kwamiti na dattawan kasuwa da malami da lauya, wanda ɗan'uwa zai iya kai wa takarda a duba masa kafin ya sa hannu. Gemun maƙwabci ya riga ya kama wuta, sai mu shafa wa namu ruwa.

Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu, ya ƙara mana zaman lafiya a Potiskum da jihar Yobe baki ɗaya.