Ƙafar Hagun Ɗawisu: Tsuntsaye a Zanen Sinawa na Dauri



A Katsina ba sai an gaya wa manomi cewa idan shamuwa ta sauka a kan itatuwan gari damina ta ƙwanƙwasa ƙofa ba. Sinawa ma suna karanta lokaci daga tsuntsu, sai dai su sun ɗauki wannan karatu sun zuba shi a kan siliki da takarda, har ya zama fanni mai zaman kansa da suke kira zanen fure da tsuntsu. Lokacin da suka fi so shi ne sa'ad da sanyi ya janye, itatuwa suka fara toho. Tsattsewa a tsakanin sababbin rassa tana nufin shekara ta juyo. Agwagin ruwa biyu a jere addu'a ce ga ma'aurata, dangin gauraka kuwa fatan tsawon rai.

Fannin ya kafu a ƙarni na 10 a hannun mutum biyu. Huang Quan mai zanen fada ne a Chengdu, yana bin gashin tsuntsu ɗaya bayan ɗaya da layi siriri, sannan ya cika da launi. Xu Xi, a kudu, tsuntsayen daji da na bakin rafi yake bi, ya bar tawada ta yi yawancin aikin. Ni dai na fi karkata ga Xu Xi, ko da yake fada ta zaɓi Huang.

Wanda ya kai abin ƙololuwa sarki ne, Huizong na daular Song, wanda ya yi mulki daga 1100 zuwa 1126. An rawaito cewa masu zanen fadarsa sun zana ɗawisu yana hawa tudu, kowa na yabo, shi kuwa ya ce ba su yi daidai ba: ɗawisu ƙafar hagu yake fara ɗagawa, su sun zana dama. Ku duba irin zaman da mutum zai yi yana kallon tsuntsu kafin ya san wannan! A 1112 wasu tsuntsaye dangin gauraka suka yi shawagi a kan ƙofar fadarsa a Kaifeng, aka zana guda 20, aka ce alamar alheri ce. Zanen yana nan a gidan tarihi na lardin Liaoning. Alherin dai bai daɗe ba, domin a 1127 mayaƙan Jurchen suka ci birnin, suka tafi da Huizong, ya mutu a hannunsu a 1135. Masu tarihin Sinawa har yau suna cewa ya iya komai ban da sarauta.

Na san tambayar da ke bakin wasu, ta zana mai rai. Wannan fagen malamai ne, kuma shi ya sa gwanintarmu ta bi ta zayyana, da dagi a bangon soro, da aska takwas a gaban riga. Amma idon da Huizong yake nema muna da shi. Makiyayi ya san tafiyar balbela a bayan shanu, manomi ya san gawo yana kaɗe ganye da damina sa'ad da sauran itatuwa ke yin kore. Abin da muka rasa shi ne ajiyewa. Gauraka ta yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar Hausa, yaran birni da yawa sunanta kawai suka sani. Ɗalibanmu za su iya farawa da rubuta ranar da shamuwa ta iso unguwarsu bana, da itacen da ta yi sheƙa a kai, da ranar da ruwan farko ya biyo baya.