Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Jawabi Kan Sauya Windows 10 Zuwa 11

Ni ba masani ba ne, ɗan kasuwa ne kamarku, amma akwai maganar da ta shafi aljihunmu, wato kwamfutocin nan da muke ajiye lissafin shago da sunayen masu bashi a ciki.

A ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft na Amurka ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta, sai wani ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista, mai iyaka 13 ga Oktoba 2026. Ba wai kwamfuta za ta mutu ba ne, a'a. Za ta ci gaba da aiki, sai dai ta zama kamar shagon da kwaɗonsa ya lalace, ɓarawon intanet in ya gano kafa babu mai toshewa. Magajinsa, Windows 11, ya fito tun 2021, kuma kyauta ne ga mai Windows 10 na asali.

To amma fa ba kowace kwamfuta ke ɗaukarsa ba. Yana bukatar RAM aƙalla gigabait 4, ma'aji gigabait 64, da wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0. In ƙwaƙwalwarta ta Intel ce, galibi sai ta zamani na 8 zuwa sama. Ka duba lambar: i5-8250 ta shiga, i5-6200 ba ta shiga ba. Yawancinmu tokunbo muke saya, saboda haka mai zuwa Kwamfuta Bileji a Ikeja ya lura, kada araha ta ja shi. Akwai manhajar Microsoft mai suna PC Health Check, ita za ta gaya maka gaskiya. In ta ce babu TPM kada ka yi saurin sayarwa, wani lokaci kashe shi aka yi a BIOS, mai gyara zai kunna.

In taka ta cancanta, ga shiri. Na farko, kwashe takardunka da hotuna a filashi ko wani ma'aji na waje, ka buɗe su a wata kwamfutar ka tabbatar sun kwafu. Ni kaina na taɓa miƙa tawa wajen gyara ban kwashe ba, lissafin bashin shekara biyu ya tafi, wasu kuma har yau sun ce ba su tuna ba! Na biyu, rubuta lambobin sirrinka a takarda ka adana. Na uku, tambayi mai manhajar lissafinka da firinta ko suna aiki da sabon. Na huɗu, tanadi isasshen data, ka cika batir, ko ka tada janareto, don ɗauke wuta a tsakiyar aiki na iya jawo matsala. Kuma kada ka yi shi ranar kasuwa.

Bayan sauyi kana da kwana 10 da za ka iya komawa tsohon in wani abu ya ƙi, don haka ka gwada komai a cikinsu. Wanda tasa ba ta cancanta ba kuwa, ya daina shiga banki da ita, ya fara tara kuɗin wata.

Matasanmu, ku taimaki iyayenku da wannan duba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.