BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

(Wannan ita ce laccar da aka yi wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa ran Lahadi da la'asar, bayan kasuwa ta tashi.)

Iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu, mun gode muku da kuka rufe rumfunanku kuka tsaya saurarenmu.

Yau maganar daji da ruwa da ƙasar noma za mu yi. 'Yan boko suna kiran abin "muhalli", har waɗansunmu su kan zaci zancen masu ƙoshi ne. To, ba haka ba ne. In rijiya ta ɓaci, mai kuɗi ya sayi ruwan kwalba. Talaka fa? Mai daddawa, in an sare ɗorawa jarinta ya karye. Mai kifi, in tabki ya ƙafe sai ya kife kwandonsa. Saboda haka ne a ƙasashe da yawa talakawa su ne kan gaba wajen wannan gwagwarmaya. Bari mu ba ku labarinsu, don mu ga abin da za mu tsinta.

Mu fara da ƙasar Indiya, can cikin duwatsun Himalaya. A 1970 kogin Alaknanda ya yi ambaliya, ya cinye gidaje da gadoji, mutanen wurin kuwa suka lura ɓarnar ta fi yawa inda aka sare daji. A 1973 wata ƙungiyar 'yan ƙauye ta roƙi Gwamnati 'yan itatuwa kaɗan don sassaƙa kayan noma, aka hana ta. Amma sai ga shi an ba wani kamfanin birni mai yin kayan wasa ɗaruruwan itatuwa a dajin nan. Kun ji fa! Manomi bai isa a ba shi ƙotar fartanya ba, amma akwai ta wasan masu kuɗi. Mutanen ƙauyen Mandal suka ce in an zo sara za su rungume itatuwan, sai dai gatari ya fara ta kansu. Daga nan aka sa wa abin suna Chipko, watau runguma.

Ran 26 ga Maris 1974 aka yi wa ƙauyen Reni dabara. Aka kira mazan su je garin Chamoli karɓar wata diyya, ranar nan kuwa ma'aikatan ɗan kwangila suka hau daji da gatura. Wata yarinya ta hange su, ta sheƙa ta gaya wa Gaura Devi, shugabar ƙungiyar matan ƙauyen. Nan da nan ta tara mata 27, suka tare hanya. Aka zage su, aka tsorata su da bindiga, ba su gusa ba. Suka kwana suna gadi, har ma'aikatan suka haƙura suka sauka. A 1980 Gwamnatin Indira Gandhi ta hana saran ɗanyen itace a dazuzzukan wannan yanki har shekara 15. Ku lura, jama'a: da matan nan ba su da ƙungiya da shugaba tun kafin ranar, da kafin mazansu su komo an gama da dajin.

Sai ƙasar Kenya. A 1977 wata malama, Wangari Maathai, ta ga matan ƙauye suna tafiya mai nisa neman itacen girki da ruwa. Ta kafa musu ƙungiyar dashen itace, duk wanda ya kama a ba mace ɗan ihisani. Aka yi ta yi ƙauye-ƙauye har itatuwa suka kai miliyoyi. A 1989 Gwamnatin Shugaba Moi ta tashi gina bene mai hawa 60 a filin Uhuru, inda talakawan Nairobi ke shan iska. Malamar ta yi ta rubuta takardu, ta kai ƙara kotu. Aka kori ƙarar, aka zage ta a Majalisa, amma masu ba da kuɗin ginin suka janye, a 1990 maganar ta mutu. A 1999 aka fasa mata kai a dajin Karura ta je dasa itace. A 2004 kuwa ita ce mace ta farko daga Afirka da aka ba lambar Nobel ta zaman lafiya. Me ya sa ba a iya murƙushe ta ba? Don shekara 12 ta yi tana tara mata kafin rigimar fili ta taso.

Ba za mu ɓoye muku ba, abin yana da tsada. A ƙasar Barazil, Chico Mendes, shugaban masu tatsar roba, ya kan tara mutane su tsaya hannu sake gaban masu sare daji don kiwon shanu. Ran 22 ga Disamba 1988 aka harbe shi a gidansa. A nan Nijeriya, ran 4 ga Janairu 1993 mutanen Ogoni wajen 300,000 suka fito cikin lumana saboda man fetur da ya ɓata musu gonaki da rafuka. Ran 10 ga Nuwamba 1995 Gwamnatin soja ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal. Sai a 2011 binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya tabbatar da kukansu, ya ce gyaran ƙasar zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. Da aka gina madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara, manoma suka rasa gonaki, diyya ta zama rigima. A watan Afrilu 1980 suka tare hanyoyin wurin aikin, aka turo 'yan sanda da bindigogi, aka kashe talakawa da dama. 'Yan'uwanmu ne, Hausa su ke ji.

Duk wuraren nan abu ɗaya ne. A ofis a ke sa hannu a takarda, wanda zai sha wahala kuwa sai ya ga gatari ko katafila kafin ya ji labari. Saboda haka ga abin da mu ke roƙo. Na ɗaya, kowane reshe ya zaɓi mutum uku, da mace a ciki, masu sa ido a kan burtali da makiyaya da tabki da kurmin garinsu. Na biyu, in kun ga baƙi suna awo suna kafa turaku, ku tambaye su takarda da sunan wanda ya aiko su. Na uku, ku rubuta kukanku, kowa ya dangwala yatsa, ku aje kwafi, ku aiko wa wannan jarida ɗaya. Na huɗu, ban da sanda, ban da wuƙa. Azzalumi ba abin da ya ke nema kamar dalilin harbi. Na biyar, mu ma mu gyara namu: wanda ya sare ɗaya ya dasa biyu, don kada a ce mu ne mu ke ɓarnar da mu ke kuka da ita.

Ku 'yan kasuwa kuwa, ku ne kunnen jama'a. Ba motar gawayi ko ta katako da za ta wuce ba ku san inda ta fito ba. Abin da kuka ji a kasuwa ran Laraba, ya kai ofishin reshe kafin Juma'a.

Matan Reni ba su da bindiga, ba su da lauya, yawancinsu ko karatu ba su yi ba. Abin da su ke da shi, sun san juna, sun san wadda za su bi in an yi kira. Mu ma mu shirya tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba talaka sawaba, ya kai kowa gida lafiya. Wassalam.