Jawabi Kan Daidaita Ƙafafun Motar Haɗa-da-Kanka



A 1957 ne Colin Chapman ya fito da Lotus Seven a Ingila, ƙaramar mota mai kujera biyu. Gunduwa-gunduwa ake sayar da ita, mai saye ya harhaɗa da kansa, domin a lokacin hakan na kuɓutar da shi daga harajin saye. Kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1973.

Nauyinta wajen kilo 500 ne, watau direba mai kilo 70 ya kai kusan kashi ɗaya bisa bakwai nata. Saboda haka ba ma daidaita ta wayam. Mukan ɗora kowace taya bisa sikeli, direba na zaune ciki, mu riƙa ɗaga mazaunin sifirin ko sauke shi, har nauyin tayar gaba ta dama da ta baya ta hagu ya yi daidai da na sauran biyun. In an yi sakaci, taya ɗaya za ta riga sauran kullewa idan an taka birki da gudu.

Notocin ƙafa kuwa, ba ma ɗaure su tamau sai mota ta sauka daga jak, don kada robobinsu su murɗe su yage.

Mu canza abu ɗaya, mu gwada, mu rubuta, sa'an nan mu taɓa wani.